Ruwan da Na Hana Auta

Injin markaɗe nake da shi a ƙofar gida a Wunti, kuma duk wanda ya shekara yana magana a kan ƙarar inji, muryarsa ba ta ƙara dawowa daidai. Mutanen unguwa suna cewa faɗa gare ni. Akwai faɗan, ban musa ba, amma rabinsa murya ce. Na fara da wannan ne don a san irin matar da aka bar wa jinyar ƙanina.

Shi ne autan Inna, ni ce 'yar farinta. Tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce ni na haife shi. Ni na goye shi, ni na yi masa ɗura, ni na dake shi da ya fara bin 'yan tasha. Da ya girma ya zama direban gingimari, yana ɗauko wake da kifi banda daga gabas, a shekarun nan da hanyar ta lalace, lokacin da in mutum ya tafi sai a yi ta kiran wayarsa har ya shigo gari. Mun sha yin rigima da shi a kan hanyar. Ina cewa ya koma ɗaukar siminti ko itace nan kusa, yana cewa wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Suna zaune a teburin mai shayi a wata tasha, shi da wasu direbobi, suna jiran a buɗe hanya. Wasu suka zo a kan babur suka jefa gurneti suka wuce. Daga baya, da ya iya ba da labari, ya ce ya ga abin yana gangarawa ƙarƙashin benci, har ya ɗauka mangwaro ne ya faɗi daga hannun wani. Ƙarar ma bai ji ta ba. Ya ce ji ya yi kamar an tafa masa kunnuwa biyu lokaci guda, sai duniya ta yi tsit. Mai shayin da waɗanda ke kusa da shi nan suka cika. Shi kuwa ya miƙe da ƙafafunsa. Wani dattijon direba, abokin tafiyarsa, ya kai shi ƙaramin asibitin garin, suka tarar da shi cike da waɗanda suka rasa hannu da ƙafa. Auta ya dubi jikinsa, ya ga ba abin da ya ɓalle, ya yi ta nuna hanyar gida da hannu. Dattijon ya sa shi a mota ya kawo mana shi Bauchi.

A ɗakin Inna muka ɗaga rigarsa. Wasu ƙananan huji ne a ciki da ƙirji da damtse, kamar an watsa masa tsakin gero ya manne. Jini kaɗan. Kunnuwansa na tsiyayar ruwa-ruwa, in an yi masa magana sai ya bi bakin mutum da ido. Muka yi hamdala, maƙwabta suka shigo barka da arziki. Inna ta dafa ruwa ta gasa masa jiki da tsumma, ta shafa man shanu, ni kuma na zauna da hantsaki ina tsince ɓurɓushin ƙarfe daga damtsensa ina zubawa a murfin kwano. Abin da muka san ana yi wa wanda ya bugu ke nan. Aka dama masa kunu ya sha, ya amayar.

Washegari cikinsa ya yi tauri kamar allo. Ko zani aka ɗora masa sai ya yi ƙara. Jikinsa ya yi zafin da in ka taɓa sai ka janye hannu. Maigidana ya tsayar da keke, muka kwantar da shi a cinyoyinmu, duk ramin da mai keken ya faɗa sai Auta ya damƙe hannuna kamar zai karya. Tun a hanya na san wannan ba buguwa ba ce.

A babban asibiti aka ɗauki hoton cikinsa aka wuce da shi tiyata. Da likitan ya fito, ya tara mu a baranda, ni da Inna da maigidana da wani kawunmu. Ya ce shi gurneti in ya fashe, jikinsa ne ke tarwatsewa ya zama ƙananan ƙarafa. Ƙofar da suke shiga ƙarama ce, ɓarnar a ciki take. Sun huda masa hanji a wurare, ƙazanta ta zuba a ciki, an wanke, an yanke inda ya lalace an haɗa an ɗinke. Sannan ya ce kada a ba shi komai ta baki. Ba abinci, ba ruwa, ko ɗigo.

Kawu ya gyaɗa kai, Inna ta gyaɗa kai, kowa ya ce to. Ni ban ce to ba. A lokacin ban daɗe da shiga makarantar manya ba, ina da jikoki nake koyon baƙi da wasali, kuma in akwai abin da na fara samu a can, shi ne na daina jin kunyar cewa ban gane ba. Na ce masa ya sake faɗa, kuma ya gaya mini dalili. Ya ce hanjin yanzu a kwance yake, ba ya aiki. Duk abin da ya shiga taruwa zai yi, ciki ya kumbura, ɗinkin yana iya ɓallewa. In ya ɓalle sai an sake buɗe shi, kuma yadda jikinsa yake, ba lalle ne ya ɗauki yanka na biyu ba. Ruwan da jikinsa ke buƙata ana ba shi ta jijiya. Na tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce sai hanjin ya farka, kuma wannan ba a hannunsa yake ba.

Aka raba jinya. Maigidana ya ɗauki kwana, tun da ɗakin maza ne, ni na ɗauki yini. Matar Auta tana jego, ba a ma gaya mata gaskiyar yadda yake ba.

Da ya farfaɗo, da roba a hanci tana janyo wani koren ruwa, da wata a gefen ciki, da ƙarin ruwa a hannu, kalmar da ya fara faɗa ita ce ruwa. Ya faɗe ta da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har na ƙarshen ɗaki suka waiwayo. Na sunkuya na kafa bakina a kunnensa na faɗa masa abin da likita ya ce, da muryar da nake kiran masu markaɗe daga tsallaken titi. Bai ji ba. Na koma ɗaya kunnen. Bai ji ba. Karatun boko bai yi ba balle a rubuta masa, ni ma lokacin sunana kawai nake iya rubutawa ba gargada. Na nuna masa ledar ƙarin ruwa, na bi robar da yatsa har hannunsa, na nuna cikinsa, na girgiza kai. Ya dube ni kamar na taɓu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne fassarar da zai yi wa abin. Shi dai ya buɗe ido ya ga yayarsa mai faɗa a tsaye a kansa, ga ruwa a hannun kowa, an hana shi. Sai ya ɗauka horo nake yi masa.

"Yaya, na daina bin hanyar. Wallahi na daina. Ki ba ni ko rabin kofi."

Haka ya yi ta faɗa, yana rantsuwa, yana cewa in kira Inna ta shaida. Leɓunansa suka tsage, harshensa ya yi fari ya bushe kamar ƙanzo. In mai jinyar wani gado ya buɗe ledar ruwa, idon Auta na kan ledar har a shanye. Na koyi shan nawa ruwan a bayan gini, a tsaye, da sauri, kamar ɓarauniya.

Sai 'yan dubiya. Duk wanda ya san mu ya san ba a zuwa dubiya hannu sake. Fulas na kunun gyaɗa, fura da nono, farfesun kaza, lemo, kankana. 'Yan tasha suka zo da nasu, 'yan unguwa da nasu, dangin matarsa da nasu. Kowa kuma so yake ya ga an buɗe abin da ya kawo, marar lafiya ya kurɓa ko sau ɗaya, a ce ya sha daga hannun wane. Na ja kujera na zauna a bakin gado, ta inda dole sai an bi ta gabana. Duk abin da aka kawo in karɓa, in yi godiya, in tura ƙarƙashin gadon wani. Masu jinyar ɗakin nan sun ci daɗi a sanadinmu. Wata gwaggo ta ce ai kunu ba abinci ba ne. Na ce mata ruwa ma ba abinci ba ne, kuma an hana. Kawu ya zo da rubutu a gora, ya ce wannan kam ba na likita ba ne, ayar Allah ce. Na karɓa da hannu biyu, na zuba a tafina, na shafe wa Auta goshi da ƙirji da ƙafafu, na ce ayar Allah ba ta rasa hanyar shiga. Kawu ya fita yana cewa mace ta shiga aji ɗaya ta zama likitar Wunti, in ta kai aji uku sai mu nemi wurin ɓuya. Sunan ya bi ni har yau.

Waɗannan duk ban ji tsoronsu ba. Inna nake tsoro.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, kunyar ɗan fari. Tun tasowata in tana son in yi abu sai ta faɗa wa bango, ko ta ce wa wani a gaya wa waccan. A asibitin ma haka. Takan zo da safe ta zauna a tabarma gefen gado, ta zuba wa leɓunan Auta ido, ta ce wa iska, "Yaron nan ƙishirwa yake ji." In yi kamar ban ji ba. Na san abin da ke ranta, don ni ma yana raina. Mu an raine mu a kan cewa ba a barin mutum ya tafi da ƙishirwa. In aka ga mutum ya ɗauko hanya, akan zauna kusa da kansa da cokali ana ɗiga masa ruwa ana yi masa kalmar shahada. Tsofaffi suna cewa a wannan lokacin ne Shaiɗan ke zuwa da ƙoƙon ruwan sanyi, ya ce ka bi ni in ba ka. Ban san matsayin maganar a wurin malamai ba, amma da ita muka tashi. Lokacin rasuwar mahaifinmu Inna ce ta ɗiga masa, kuma duk sanda aka tuna shi, abin da take faɗa ke nan, cewa ya tafi da laima a bakinsa. Ita ba mutuwar Auta kaɗai take tsoro ba. Tana tsoron yadda zai mutu.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani mutumin kudu, mai sayar da kayan gyaran mota a wani gari can gabas. Shi ma gurneti ne, an jefa a layin shagunansu. Ya same shi a ciki da cinya, kuma shi ma an hana shi komai ta baki. Matarsa ce ke jinyarsa, wata doguwa mai ƙaramin littafin addu'a a jaka. Madam nake ce mata, tana ce mini Hajiya, ko da yake ban je ba. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, amma mun fahimci juna fiye da yadda na fahimci dangina a kwanakin nan. In zan je alwala ita ke tsare mini Auta, in za ta je karɓo magani ni ke tsare mata nata. Mutanen cocinsu ma da kulolinsu suke zuwa, ita ma tana korar su. Mukan haɗa ido mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mijinta yana jin magana, an yi masa bayani ya gane, amma ganewa ba ta kashe ƙishirwa. Shi ma roƙo yake yi, a hankali, da yarensu.

Zazzaɓinsa bai taɓa sauka ba. Wata ranar da la'asar numfashinsa ya canza, ma'aikata suka taru suka ja labule, da suka buɗe sai aka rufe shi da zani. Madam ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon, na je na tsuguna kusa da ita. Sai ta ce:

"Hajiya, ban ba shi ba. Duk abin da suka ce na yi. Da na san zai tafi, da na ba shi. Kofi ɗaya kawai ya roƙa."

Inna na zaune a tabarmarta, ta ji.

Ni ma na ji, kuma wani abu ya karye a cikina. Da ina riƙe da maganar likita kamar igiya, cewa in na hana shi zai rayu. Ga wadda ta hana, ga gawar. Ashe hanawar ba alkawari ba ce. Mutum yana iya yin duk abin da aka ce, ya tashi da mutuwar da ƙishirwar gaba ɗaya. A ranar kuma jikin Auta ya yi zafi sosai, ya fara sambatu. Yana kiran mahaifinmu, yana cewa a ɗaga shingen ya wuce, yana taka birki da ƙafarsa a ƙarƙashin zani.

Washegari na je alwalar azahar. Babu Madam da za ta tsare mini, na roƙi wani mai jinya ya sa ido, shi kuma ba zai iya hana uwa zuwa kusa da ɗanta ba. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na hango Inna a tsaye a kansa. Ta fito da ƙaramar kwalbar zamzam da ta daɗe tana ajiya a ƙasan akwati, wadda na san ta tanade ta ne don ranar tata tafiyar. Ta cika cokali. Auta ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Ban san yadda na ƙetare ɗakin ba. Na dai ga hannuna a wuyan hannunta. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe mahaifiyata haka ba. Ita kuma ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta yi.

"Sake ni."

"Ba zan sake ba, Inna."

"Ni na haife shi."

"Na sani. Ki yafe mini. Ba zan sake ba."

"In ya tafi da ƙishirwa, ke za ki amsa a gaban Allah."

Na ce na ji, ni zan amsa. Ruwan ya zube a kan zanin gado, Auta ya jawo zanin ya tura a baki yana tsotsa, na fizge, ya fashe da kuka irin na yara, babu hawaye. Wata nas ta zo, babbar mace mai haƙuri, ta ce wa Inna, Mama, ga auduga, a jiƙa a shafa masa a leɓe, wannan an yarda. Inna ta ce ita ba za ta yi wa mai ƙishirwa wasa da ruwa ba. Ta ajiye kwalbar da cokalin a kan akwatin gefen gado, ta naɗe tabarmarta, ta fita. Ta koma ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar asibitin. Kullum tana zuwa da safe ta zauna can da carbinta har yamma, amma ba ta ƙara shigowa ɗakin ba.

Audugar ma ba ta zo da sauƙi ba. Ranar farko da na kai ta bakinsa ya cafke ta har da yatsana. Tabon haƙorinsa ya daɗe.

Kwalbar kuwa na sa ta a jakata, a sama, inda hannuna zai same ta ba lalube. Ga abin da na ƙudura, ban gaya wa kowa ba: zan hana shi muddin akwai rai a gaba, amma in na ga ya ɗauko hanya, zan ba shi. Da na ƙudura haka na ɗan ji sanyi, sai daga baya na gane na ɗora wa kaina abin da ya fi na da nauyi. Ta yaya zan sani? In na yi gaggawa, ni na ɓalle ɗinkin da hannuna. In na yi jinkiri, ya tafi kamar mijin Madam. Na ga mutuwa a gidaje, na san abin da ake dubawa, ƙafafu su yi sanyi, hanci ya tsaya, ido ya koma sama. Sai na zama ba ni da aiki sai taɓa ƙafafunsa. In ya yi barci in kasa kunne ga numfashinsa. In ya yi shiru in girgiza shi, in ya farka ya roƙi ruwa in ce da na bar shi. Da yamma in zan tafi gida sai in tsaya a ƙofa in kasa fita, maigidana ya ce in tafi, ba zai ba shi ba, ba kuma zai runtsa ba. Abinci ya daina wuce mini. Injina na rufe, masu markaɗe suka koma wani layi.

Wata ranar bayan azahar abin da nake jira ya zo, ko na ɗauka ya zo. Sambatun ya tsaya. Idonsa ya yi rabi a buɗe, fari kawai ake gani. Na taɓa ƙafafunsa na ji su da sanyi, goshinsa ya jiƙe. Na ciro kwalbar na buɗe murfin. Na ɗauki cokalin. Na fara yi masa kalmar shahada a kunnen da ba ya ji. Na cika cokalin. Har yau ina iya ganin ruwan yana rawa a cikinsa, da tsagaggen leɓen Auta a ƙasa. Ban san me ya riƙe ni ba. Ba ilimi ba ne, ba kuma ƙarfin hali ba. Ina jin tsoron ne ya yi yawa har ya hana ni yin ko ɗaya daga cikin biyun. Sai na buɗe maƙogwaro na kira nas, kiran da aka ce an ji shi har ɗakin mata.

Ta zo da gudu ta ɗaura masa abin awon jini, ta sa masa na zafi a hammata, ta taɓa wuyansa. Ta dubi cokalin da ke hannuna. Ta ce zazzaɓin ne ke sauka, gumi yake yi, barci ne na gaske ya ɗauke shi. Na mayar da ruwan cikin kwalba, rabi ya zube a zanina. Na zauna a ƙasa, don kujerar ta yi mini nisa.

Saukar zazzaɓi ba farkawar hanji ba ce. Kowace safiya likita ya ɗora abin sauraronsa a cikin Auta, ya daɗe, ya ce tukuna. Da na matsa masa da tambayar me ake jira, ya ce iska. In ya fitar da iska, hanji ya tashi. Tusa ke nan, ya dai sakaya. Ya ce in riƙa tambayarsa. Na ce likita, wannan ƙato da gemunsa, ko yana ji ba zai amsa wa yayarsa wannan tambaya ba, balle sai da hannu zan yi ta. Na gwada duk da haka. Abin da na kwatanta a ɗakin nan ba zan rubuta shi ba. Wani tsoho mai karyayyar ƙafa ya yi dariya har ya roƙe ni in bari, ɗinkinsa na ciwo. Auta ya juya fuska bango.

Ranar Juma'a bayan an sauko, surukansa suka zo, mahaifin matarsa da ƙannensa, cikin manyan riguna da turare. Suka jeru a gefen gado, aka yi addu'a aka shafa. Ana cikin shirun da ke biyo bayan addu'a sai abin ya fito, dogo, ba gaggawa. Shi Auta bai ji ba, don haka a ganinsa ba wanda ya ji, yana ta kallon surukinsa da ladabi. Surukin ya ɗaga kai yana duban fanka. Ɗaya daga ƙannen ya ce bana kam ruwa ya yi jinkiri a wajen Gubi. Ni kuwa na miƙe tsaye na ce, "Nas, ya yi. Wallahi ya yi, kowa ya ji, ga shaidu nan." Surukan suka tuna suna da wata dubiyar a gaba.

Likita ya zo da yamma ya saurara, ya danna cikin nan da can, ya ce a fara da cokali ɗaya, a dakata a gani, in bai yi amai ba, ciki bai tashi ba, a ƙara kaɗan. Na fita wurin darbejiya na durƙusa na ce wa Inna an ce a ba shi, ta zo ta ba shi da hannunta. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa matar da ke zaune kusa da ita a gaya wa waccan, wadda ta hana ita za ta bayar.

Na koma na ciro kwalbar zamzam ɗin, na cika cokali na ba shi. Ya haɗiye, ya rufe ido, ya sake buɗe baki. Na rufe kwalbar. Ya dube ni ya ce, da ƙarfin nan nasa, "Ke dai Yaya ba ki da imani." Na ɗora tafina a cikinsa, gefen bandejin, na bar shi a nan ina jiran in ji ko zai yi tauri, har aka kira magariba maigidana ya zo ya ɗaga ni.

Ɗinkin ya riƙe. Kunnensa na dama ya dawo kaɗan-kaɗan, na hagu bai dawo ba. Akwai ƙarafan da aka bari a jikinsa, an ce ciro su ya fi barinsu haɗari, wani lokaci ɗaya yakan taso ƙarƙashin fata ya kira 'ya'yansa su taɓa. Da ya fara ji na zaunar da shi na yi masa bayanin komai. Ya ce ya gane, ya gode. Amma ya ce shi abin da ya rage masa na kwanakin nan biyu ne, ƙishirwa da fuskata. Madam ban ƙara ganinta ba, an ce ta kai gawar garinsu ba ta dawo ba.

Inna ta yi watanni tana amsa gaisuwata da ka. Wata rana na je gidan na tarar tana tsinkar zogale, na zauna na ja tiren gabana muna yi tare. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Da ya mutu fa?"

Na ce mata ban sani ba. Na so in ƙara wani abu, in ce likita, in ce ɗinki, na ga duk ta san waɗannan, ba su take tambaya ba. Ta ce ita ma takan tambayi kanta, da ta riga ni kai cokalin fa. Muka ci gaba da tsinka har ganyen ya ƙare, ta ce in ɗebi rabi in tafi da shi.